Za Ta Ja?

A titin Beirut na saye ta, wata Asabar,
a shagon Sagiru Dogo, hawa na biyu.
Tokumbo ce. Wai wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Turai,
wasiƙa kawai take bugawa da ita.
Harafin K ya goge,
kusurwa guda an ɗaure ta da salatif.
Kuɗin wata bakwai ke nan
na zaman POS ƙarƙashin lema a Gyaɗi-Gyaɗi.

Na ce, "Za ta ja gem ɗin yaƙin nan,
wanda har raɓa ake gani a kan ciyawa?"
Sagiru ya dubi silin, ya sosa ƙeya,
ya ce, "Ka san komai na Allah ne."
Tun a nan ya kamata in gane.

Dare biyar ina sauke shi da datar tsakar dare,
giga tamanin, ɗigo-ɗigo kamar famfon unguwarmu,
sauro na karɓar nasu kason a idon sawuna.

Ranar da ya cika, na yi bisimilla na danna.
Ta yi shiru irin na wanda aka tuna wa bashi.
Can sai fankarta ta tashi
da kukan injin markaɗen gidan Inna Delu.
Ga jarumi ya fito, bindiga a kafaɗa,
ya ɗaga ƙafar dama.
Na je randa na sha ruwa, na dawo,
bai sauke ta ba.

Nafi'u ya ce, "Jaki idan ya durƙusa, kaya ake rage masa."
Muka shiga saiti muna sauke lodi.
Muka cire inuwa,
jarumi ya koma aljani, yana tsaye a rana ba komai a bayansa.
Muka aske ciyawa, muka kwashe gajimare,
kogi ya zama shuɗiyar leda,
fuskokin abokan gaba kamar curin fura.
Raɓar nan da na yi wata bakwai ina mafarki
ita ta fara tafiya.

Sai ya taka.
Da ɗingishi, amma ya taka!

Cinyata ce ta fara kawo ƙara:
gindin abar nan zai gasa gurasa.
Muka ɗora ta kan gwangwanin madara huɗu,
muka ɗauki ƙanwata Ummita aiki da mafici,
tana fifita ta kamar mai gasa masara a bakin titin Zoo,
naira hamsin duk minti goma,
ta ce kuma ba ta son dogon turanci.

Minti goma sha ɗaya. Na ƙirga.
Na harbe mutum biyu,
ɗayan ma ina zargin bishiya ce.
Na kai bakin wata gada, ina jin ƙafata a kan katakonta,
sai aka ɗauke wuta.
Batirin da Sagiru ya rantse zai yi awa uku
bai kai tsawon atishawa ba.

Muka zauna a duhu
da warin roba mai zafi.
Ba wanda ya yi dariya sai Nafi'u.
Ni dai na tsinci hannuna a kan murfinta yana shafawa,
yadda Baba ke shafa tankin tsohon babur ɗinsa
idan ya haye gadar Ƙofar Nasarawa
da dila biyu na atamfa daga Kwari,
yana ce masa, "Sannu, sannu dattijo,"
alhali ya san gobe ma zai ɗora masa.

Da safe yaran layinmu suka tare ni wajen mai shayi.
"To, ta ja?"
Na ce ta ja.
"Ka ga raɓar?"
Na ce na gan ta mana,
a goshin Ummita,
wadda har yanzu take bi na hamsin,
da ribar minti ɗaya.